Ƙasa da Talatin

Wasila ta taso daga Gusau da hantsi, jakar kayan aiki a kan cinyarta, ranta ba daɗi. Ba ziyara ce za ta kai ta Karakkai ba. Kwamitin masu noman rani ne zai zauna bayan la'asar, kuma shugabansu, Alhaji Abdulsalami, ya kira ta ta waya jiya. Mutum ne da in zai faɗa maka magana mai ɗaci sai ya fara tambayar lafiyar gidanku ɗaki ɗaki. Da ya gama gaishe-gaishensa, ya ce abu ɗaya suke so su ji: me ya kashe kwamfuresar ɗakin sanyinsu, wata huɗu kacal da ɗaura ta? Sun riga sun tsai da magana cewa laifin bai wuce mutum biyu ba, ko wadda ta haɗa, ko wanda ke tsaro. Duk wanda abin ya faɗa kansa, yau za a sallame shi.

Wadda ta haɗa dai ita ce. Shekara tara tana sana'ar sanyi a Gusau, daga firji zuwa na'urar sanyaya ɗaki, kuma wannan ne babban aikinta na farko. Kwantena ce guda, da faifan sola jere a kan rumfa, cikinta kwandunan tumatur da tattasai na manoman fadama, waɗanda a da kwana biyu ke mai da musu kaya miya a bakin titi. Kwamfuresa ita ke tura gas cikin bututu har ɗakin ya ɗau sanyi, in ta tsaya kwantena ta koma tanda. Da ta farko ta ƙone, sai da Wasila ta bi Gusau shago shago, daga baya ta samo irinta a Tsafe, guda ɗaya tilo. Sati uku ke nan da ɗaura ta. In wannan ma ta bi 'yar'uwarta sai an jira daga Legas, tumatur kuwa ba ya jiran kowa.

Abin da ya fi cin ranta shi ne ita kanta ba ta san amsar ba. Ta farke matacciyar a shagonta, ta tarar gaɓoɓin ciki sun cinye juna, ƙarfe ya goge ƙarfe, alamar rashin mai ƙarara. To amma man yana nan, ko ɗigo bai zuba ba. Inji da mai cike da cikinsa, a ce ya mutu da ƙishin mai! Ta yi ta juya abin a ranta har motar ta wuce Bungudu, ba ta ga kansa ba.

Wanda ke tsaro kuwa Baba Jatau ne, dattijo dogo, siriri, wanda ya haura saba'in. Shekara arba'in yana bin shanun huɗa, kuma duk Karakkai an shaida sa bai taɓa faɗuwa a hannunsa ba. Shekara uku da suka wuce 'ya'yansa suka taru suka sayar da shanun, suka ce ya isa haka, ya zauna gida ya huta. Ya zauna ɗin, don ba ya musu da alheri. Da aka kafa ɗakin sanyi aka nemi mai amana da zai riƙe makulli, shi ya fara miƙewa, babban ɗansa Mu'azu yana ta ɓata rai. Tun daga ranar makullin yake rataye a wuyansa da igiyar fata, ko wanka zai yi sai ya ajiye shi inda idonsa ke gani.

Ta same shi yana goge faifan sola da tsumma ɗaure a bakin gora. Ya aje goran, ya tarbe ta da fara'a, ya tambayi mutan Gusau da gajiyar hanya, ya shimfiɗa mata tabarma a inuwar kwantena. Shi ma ya san abin da za a zauna a kai, amma ko a fuska. Sai ba ta labarin 'Yar Baƙa yake yi, don haka ya raɗa wa sabuwar kwamfuresar. Wai tana da halin kirki, ba ta da gardama, sai dai direbanta ne ba shi da tausayi.

Direban nan ba mutum ba ne. Akwati ne fari a jikin bango, mai ɗan gilashi da ke nuna lamba, shi ke ƙara wa kwamfuresa gudu ko ya rage mata, gwargwadon zafin ɗaki da ƙarfin rana. Ranar da aka kafa shi Wasila ta faɗi sunansa da bakin masu sana'a, mutanen gari suka ji kamar ta ce direba, shi ke nan suna ya bi shi. Ita ma dariya ta yi a lokacin, har ta ara tana faɗa. Hamsin ita ce lambar cikakken gudu. A gefen gilashin akwai ɗan maɓalli da ake murɗawa da hannu, wanda ta bari don ranar gyara.

Ta buɗe jaka ta shiga aune-aune. Wuta daidai, gas daidai, mai a ɗan idon gilashin da ke gindin kwamfuresa ya kai rabi, yadda ake so. Komai lafiya lau, abin haushi. Ta zauna a tabarma ta zuba wa injin ido, kamar zai buɗe baki ya ba ta amsa.

Rana ta take tsaka. Iska ta tsaya, kwanon rumfa ya fara ƙara don zafi, lambar direba ta hau hamsin, kwamfuresa ta ɗau kuka sosai, don lokacin ne ɗaki ya fi buƙatarta. Baba Jatau ya dubi inuwarsa a ƙasa, ya ga ta shige ƙarƙashin ƙafafunsa. Sai ya dafa bango ya miƙe a hankali, ya nufi akwatin ba tare da ya ɓoye komai ba, ya kama maɓallin ya murɗa. Lamba ta fara sauka, arba'in, talatin, ashirin, ta tsaya a sha biyu. Kukan injin ya koma gurnani can ƙasa-ƙasa. Ya shafa bayan kwamfuresar da tafin hannu, ya ce, “Sannu 'Yar Baƙa. A huta.”

Wasila ta bi lambar da ido. Ta daure ta tambaye shi, da murya irin ta hira, ko kullum yake yin haka. Ya ce kullum ta Allah, daga rana tsaka har la'asar sakaliya, tun ranar da aka ba shi makulli. Da alfahari ya faɗa, wallahi, irin na mutumin da ya daɗe yana aikin lada a ɓoye. Ya ce shi bai taɓa barin sa a ƙarƙashin karkiya rana tsaka ba, ina dalili zai bar baiwar Allah tana haki? Direban kirki ba ya gudu da kaya. Tun da wannan direban ba shi da hankali, shi yake lallaɓa masa.

Ga amsar da ta kwana tana nema, a gabanta, sanye da riga mai faci da makulli a wuya. Bayan la'asar jimla ɗaya ta ishe ta, ta wanke sunanta tas ta koma Gusau. Ta dube shi yana murmushi, tausayi ya kama ta. Bayan tausayin kuma sai kunya, wadda ta fi shi nauyi. A cikin direban nan akwai wurin da ake sa iyakar ƙasa, lambar da komai aka murɗa gudu ba zai sauka ƙasa da ita ba. Daga kamfani sifili yake zuwa da ita. Ita ta tsara yadda zai tuƙa kansa, ta gwada, ta ga ya yi kyau, ta tafi ta bar maɓallin hannu ba shinge. Ta ɗauka ba wanda zai taɓa. Ba ta lissafa da mai tausayi ba.

Ba ta ce masa ya yi laifi ba. Ta mai da lambar hamsin, ta ce tana da wani aiki da ba zai yiwu da hannu biyu ba, ko Baba zai taimaka mata. Ya ce ai abin da aka aje shi don shi ke nan. Ta kai shi gindin kwamfuresa ta nuna masa ɗan idon gilashin, ya durƙusa da ƙyar ya leƙa, ya ga man yana motsi kamar miya ta fara tafasa. Ta yi masa bayani a hankali. Man nan a ƙasa yake kwance, gaɓoɓin da ke buƙatarsa kuwa suna sama, kuma ba abin da ke hawar da shi sai juyin injin kansa. In kwamfuresa tana gudu, mai ya hau ya jiƙa ko'ina. In aka rage gudu ƙwarai, tana juyawa amma man ba ya kaiwa. Wanda kuma ya bi gas ya fita cikin bututu, sai da ƙarfin gudu yake dawowa gida, in ba ƙarfi ya kwanta a hanya. Har sanyin da ke hana ta ƙonewa, gas ɗin da ke dawowa ne ke kawo mata.

Baba Jatau ya saurara har ƙarshe. Ta ce yanzu za su nemo inda iyakar take. Takardar kamfani ta ce ashirin da biyar, amma wanda ya rubuta takardar bai san zafin Bungudu a watan Maris ba, bai kuma san tsawon bututun da ta ja ba. Don haka za su sauko da kaɗan-kaɗan, ita tana kallon ido da ma'auni, shi kuma ya ɗora hannu ya gaya mata abin da ya ji.

Haka suka yi. A kowace lamba sai su dakata kamar tsawon cin tuwo, su ga yadda za ta zauna. Arba'in da biyar, lafiya. Arba'in, lafiya. Aka kira azahar, ya tafi masallaci, ita ta yi tata a bayan kwantena, suka dawo suka ɗora daga inda suka tsaya. Wata mata ta kawo fura, suka sha, ba mai gaggawa. A talatin da biyar ya ce numfashinta daidai. A talatin ya daɗe da hannu a jikinta, ido rufe, sannan ya gyaɗa kai. Wasila ta sauke zuwa ashirin da bakwai. Ma'auninta bai nuna komai ba tukuna, man ma yana nan a rabi, sai ta ji ya ce, “Tsaya, ɗiyata. Ta hwara ɗingishi.”

Ta ɗora nata hannun, ba ta ji komai ba. Suka jira. Can bayan ɗan lokaci sai ga man a ido ya fara ja da baya, siririn layi, kuma allurar ma'auni ta soma rawa. Ta dube shi da mamaki na gaske. Shekara tara tana wannan sana'a, tafin hannun tsoho ya riga kayan aikinta.

Ta mai da gudu sama har man ya dawo mazauninsa. Ta ce to iyaka ta samu, za su tsaya a talatin, a bar ɗan rata tsakaninta da inda ɗingishi ya fara. Ta shiga cikin lambobin direba ta rubuta talatin a gurbin sifili, sannan ta ce ya murɗa maɓallin iya son ransa. Ya murɗa har ƙarshe. Lamba ta sauko ta tsaya cak a talatin, ta ƙi gaba. Ta ƙara masa da cewa in hutu ne, kwamfuresa na da nata: idan ɗaki ya yi sanyi yadda ake so, da kanta take tsayawa gaba ɗaya. Ko ta yi aiki, ko ta tsaya. Ja da ciki a tsakani shi ne ba ta iyawa.

Ya koma tabarma ya zauna, ya miƙe ƙafafu, yana murza gwiwarsa ta dama da hannu. Da ya buɗe baki, ba maganar inji ya fara ba. Ya ce lokacin da yake bin shanu, daga asuba har hantsi ya dubi ludayi yana cikin kunyoyin gona, gwiwar nan ba ta taɓa ce masa komai ba. Wata shida da zaunar da shi, sai da sanda yake zuwa masallaci. Ya ɗauka tsufa ne ya zo a lokaci guda. Amma tun da ya karɓi makullin nan yake hawa da sauka, yana jan kwanduna, yana share-share, bai ma san inda ya jefar da sandar ba.

Sannan ya ɗago ya dube ta sosai.

“Ta hwarko. Ni na kashe ta ko?”

Wasila ta so ƙwarai ta ce a'a. Amma mutumin da ya ji ɗingishi a ashirin da bakwai ba a yi masa ƙarya.

“Ni da kai ne, Baba. Ni na bar ƙofa a buɗe.”

“Ke kin bar ƙohwa,” in ji shi, “ni na shiga.”

Can aka kira la'asar. Wasila ta tattara kayanta ɗaya bayan ɗaya, tana goge abin da ba ya buƙatar gogewa.

Bayan salla kwamiti ya hallara a gindin dogonyaron da ke fuskantar ɗakin sanyi, mutum bakwai a kan tabarmi biyu. Mu'azu na cikinsu, don shi ma yana da fadama. Alhaji Abdulsalami ya buɗe da addu'a, ya sake tambayar mutan Gusau ɗaki ɗaki, sannan ya ba Wasila dama. Ta faɗi abin da ya kashe kwamfuresa dalla-dalla, yadda kowa zai gane: an tafiyar da ita da gudun da bai isa ya hawar da mai ba. Ta ce akwai iyakar da ya wajaba ta sa tun ranar farko, ba ta sa ba, wannan sakacinta ne, kuma yau ta gyara. Ta tsaya a nan. Ta san sarai abin da tsayawa a nan zai iya jawo mata, har ta fara tunanin yadda labarin zai riga ta isa Gusau.

Alhaji Abdulsalami ba yaro ba ne. Ya ja carbi, sannan ya ce ya ji, kuma ya yaba da mai faɗin laifin kanta. Sai dai shi a saninsa maɓalli ba ya murɗa kansa.

Ba wanda ya dubi kowa. Wasila ta kafa ido a kan zaren tabarma.

Baba Jatau ya gyara murya. Ya ce kada a wahal da yarinya, shi ne. Ya faɗi komai, da lokacin da yake saukewa, da lambar da yake kaiwa, da dalilinsa, bai rage ba bai ƙara ba. Wani daga gefe ya fara dariya jin an ba inji hutun rana kamar sa, ya ga ba mai taya shi, ya haɗiye abarsa. Tsohon ya sunkuyar da kai, ya zare igiyar fatar daga wuyansa, ya aje makullin a tsakiyar tabarma. Inda igiyar ta saba kwanciya ya bar farin layi a fatar wuyan.

Mu'azu ne ya yi magana, kuma ba da faɗa ba. Da taushi ya yi ta, irin na ɗan da ke ƙaunar ubansa. Ya ce ba komai Baba, ƙaddara ce, dama abin da suke ta faɗa ke nan. Shekarunsa sun wuce wannan wahala. Ga ɗaki, ga inuwa, ga jikoki, ba abin da zai nema ya rasa. Ya taho gida ya huta.

Baba Jatau ya juya ya dubi ɗansa, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan.

“Mu'azu,” ya ce, “ita ma hutu na ba ta.”

Carbin Alhaji ya tsaya a hannunsa. Mu'azu ya buɗe baki zai ba da amsa, sai idonsa ya sauka a kan gwiwoyin uban, daga nan ya koma kan hannun tsohon na dama, wanda yau kusan wata biyar bai gan shi da sanda ba. Wasila na kallonsa lokacin da abin ya shige shi. Sai ƙwalla ta ciko mata, ta yi kamar tana gyara mayafi.

Alhaji Abdulsalami ya tambaye ta, a hankali, ko yanzu akwai abin da hannu zai iya yi wa injin ta wannan maɓalli. Ta ce babu, an rufe ƙasa. Ta ce amma in za su ji shawararta, inji irin wannan yana son wanda zai ji ciwonsa kafin ma'auni ya nuna, kuma ita duk yawonta ba ta ga hannu irin na Baba ba. Alhaji ya ce to shi dai bai ga wanda za a sallama ba, sai in wani ya gani. Ba wanda ya gani. Amma makullin na nan a tabarma, kuma tsohon bai miƙa hannu ba, don shi ya aje da kansa.

Mu'azu ya matso da gwiwoyinsa. Ya ɗauki makullin da hannu biyu, ya buɗe igiyar, ya rataya wa ubansa a wuya, ya gyara ta har ta kwanta a kan farin layin.

“Gobe in za ka goge faifan can sama,” ya ce, “ka bari in riƙe maka tsani.”

“Riƙewa kaɗai,” in ji Baba Jatau. “Ni ka hawa.”

Aka shafa fatiha aka watse. Wasila ta rataya jakarta ta nufi bakin titi neman motar Gusau. Da ta waiwaya, ta hango shi ya riga ya koma gindin kwantena, tafin hannunsa a bayan 'Yar Baƙa, kansa a karkace yana saurare. Rana ta yi sanyi, direba ya rage gudu da kansa, lambar ta tsaya a talatin.